Aguwa Biyu a Ƙofar Gida

Da Nasiba ta fito da bidon ɗin ruwa ranar Talata, ta tarar an kafa rassan aguwa biyu a tsakiyar shukokinta. Ɗaya kudu, ɗaya arewa.

Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, 'yar Damagaram, aure ya kawo ta Magariya. Gidan sabo ne, a bakin gari, inda a da makiyaya ke sauka. Mijinta Wakili ya so fili kusa da kasuwa, amma uwarsa, Inna Kadi, ta kafe sai wannan, ba ta kuwa faɗi dalili ba.

Nasiba ba ta damu ba, ƙofar gida take so. Ta sare wata tsohuwar aguwa da ta cunkushe wurin, ta share, ta jera irin shukokin da ba su damu da ruwa ba: zabuwa, karan masallaci, moda, da wata ƙerana mai ƙaya da ta roƙo daga Sassumbrum. Ranar da aka yi saran, Inna ta tsaya a bakin zaure tana kallo. Da yamma ta ce cikinta ba ya son tuwo.

Tsohuwar ba mai magana ba ce. Abu ɗaya nata ke ba Nasiba dariya: Bafulatana ce ta gaske, amma sai ta ƙwala wa ɗanta kira, Wakili, gatsal, ba kunyar ɗan fari ko kaɗan.

Nasiba ta tuge rassan ta jefar, ta ce aikin yaran unguwa ne. Washegari suka dawo, a wuri ɗaya.

Wannan karon ta tsaya ta duba. Ta san inda ake kafa aguwa haka, ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa. Ta taɓa gani a maƙabartar Yekuwa. Ta auna tsakaninsu da hannu: bai kai kamu biyu ba. Tsawon jariri.

A ɗaki, ɗanta Muhsin, wanda bai fara rarrafe ba, yana kwance da zazzaɓin da ya ƙi sauka. An kai shi likita, an yi masa allura, jikin na nan kamar garwashi. Wakili kuma ya tsallaka iyaka da shanu, wayarsa ba ta shiga.

Ta fara lissafa masu ƙinta. Maƙwabciyar da ƙaya ta soki akuyarta. Uwar ɗalibin da ta kora. Ta tuge rassan, ta ƙone su, farin ruwansu na tartsatsi a wuta. Da ta gaya wa Inna, tsohuwar ta sunkuyar da kai, ta ce Allah ya ba yaro lafiya.

Ranar Alhamis Nasiba ta sallame asuba, ta goya Muhsin, ta laɓe a zaure da taɓarya a hannu. Numfashinsa mai zafi na dukan bayanta.

Ba daga waje aka zo ba. Takun daga cikin gida ya fito.

Inna Kadi ta wuce ta gabanta da rassa biyu a ƙarƙashin mayafi. Ta durƙusa tsakanin zabuwa da ƙerana, ta share ƙasa da tafin hannu a hankali, ta kafa na kudu.

Taɓaryar ta suɓuce wa Nasiba.

"Inna," ta ce, "jikanki da ransa kike auna masa kabari?"

Tsohuwar ba ta firgita ba. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta kawar da kai gefe, kamar yadda mata ke yi idan an ambaci wanda ba sa iya kiran sunansa.

"Rugarmu ce nan a da," ta ce. "Alamarsa kika sare."

Sai a lokacin Nasiba ta gane dalilin da ya sa Inna ke kiran Wakili da sunansa: ɗan farin da take jin kunya yana kwance nan, ƙarƙashin zabuwar.