Masaƙin da Ya Auna Gyambonsa da Zare

Kai da jinya ta ishe ka, har kake cewa maganin da bai nuna aikinsa yau ba gara a bar shi, matso ka ji misalin wasu masaƙa biyu.

Wa da ƙane ne, rumfarsu ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa. Saƙa suka gada, ciwon sukari ma suka gada. To, masaƙi da hannu yake jefa ƙoshiya mai ɗauke da zare, amma da ƙafa yake cin abinci: igiya yake saƙalewa tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ya taka wannan ya saki waccan, zare ya buɗe baki. Igiyar nan ce ta ci fatar wan, bai kuwa ji ba, don sukari ya riga ya kashe masa jin ƙafa. Ya yi yadda masaƙan gidansu suka saba, ya ƙona auduga ya barbaɗa tokar, ya ɗaure tam da ƙyalle, ya koma aiki, don a wurinsu abin kunya ne a bar zare a shimfiɗe. Sai da wari ya tona asiri aka kai shi asibiti. A can suka ce jini ba ya kai wa gyambon isasshiyar iska, za a riƙa sa ƙafar cikin wata jaka a ɗaure bakinta a ƙwauri a hura mata oksijin, shi kuma ya daina taka igiya. Ya je bai fi a ƙirga ba, ya dawo yana dariya, wai maganin da ba ɗaci, ba allura, ba a ma ganinsa, ai zaman banza ne. Aka yanke yatsa, aka bi da ƙafa. Kafin kaka ya riga mu gidan gaskiya, aka lulluɓe shi da farin da ya saƙa yana taka igiya da ƙafar da aka yanke.

Da aka watse zaman makoki, ƙanen ya tarar da zaren wansa a shimfiɗe, an yi rabi an bari. Ya zauna a mazauninsa yana ƙarasawa, hawaye na hana shi ganin ƙoshiya. Ranar da ya kai ƙarshe ya sunkuya zai kwance igiya, sai ya ga ta yi ja da jinin nasa yatsan. Matarsa ta kawo auduga da ashana. Ya dube su, ya dubi wurin da babu kowa a gefensa, ya ce, "Mayar. Yaya ya riga ya gwada wannan."

Ya tafi asibiti da ƙafarsa. Ma'aikaciyar jinya ta kankare mataccen nama, ta sa ƙafar a jaka, jakar ta kumbura tana huci a hankali kamar jariri mai barci. Ta ce, "Baba, iskar nan ba ta aiki ita kaɗai. Ka riƙe sukarinka, kuma ko da wasa kada ka taka igiya." Ya rufe masaƙarsa da tabarma, abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Ya bar shayi mai zaƙi, ya rage tuwo. Abokan sana'a suka sa shi gaba, wai mai shan iska da ƙafa, wasu na tambaya ko tayar keke ya koma. Masu kawo aiki suka juya wata rumfa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gyambon kansa, kullum ya duba sai ya ga kamar jiya, har wata rana zuciya ta raɗa masa irin maganar wansa. Maimakon ya bi ta, sai ya tsinko zare, ya riƙe shi saman gyambon ba tare da ya taɓa ba, ya ƙulla daidai faɗinsa, ya rataye a ƙusa. Kowace Juma'a ya ƙara wani a gefensa. Ido bai ga komai a ƙafa ba, amma a jikin ƙusa ƙulli yana hawa, na yau ya ɗara na wancan mako gajarta da abin da bai fi kaurin zare ba. Shi kuwa ya san da irin wannan kaurin ake tara bargo. Ruwa ko rana, ya dogara sanda ya tafi wurin jakarsa.

Damina ta wuce, sannan aka wayi gari babu abin da zare zai auna. Ya naɗe igiya da auduga mai laushi, ya ɗage tabarma, ya karkaɗe ƙura. Abin da ya fara saƙawa majanyi ne, na goyon jikan wansa da aka haifa bayan rasuwar, aka mayar masa da sunan. Yana taka igiya da yatsunsa cikakku, yana jefa ƙoshiya, gefensa babu kowa.

Shi ya sa Hausawa suka ce: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.