Tabar da Ta Ci Bakin Tambaya

Tun da aka kafa Gusau, in ji Tambaya dillali, ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunci bakinsa ba. Ko babbar yunwar da aka yi shekarun baya ba ta kai ba, don ita kowa ta taɓa. Wannan kuwa shi kaɗai aka zaɓa.

Kwana huɗu ke nan leɓensa na kumbure, harshe ya yi gyambo, dasashi ya saɓule. Goro ya gagara, miya ta gagara, kunu ma sai ya huce sarai. Mutumin da ke sayar da gurgun jaki da daɗin baki, ga shi yana ciniki da nuni. Haƙoran nan da yake jajayewa da fure kowace safiya, yana leƙa su a ruwan ƙwarya, dole ya ja amawalin rawani ya rufe su har hanci.

Sanadin kuwa taba ce guda ɗaya tak, irin ta Turawan da ke shimfiɗa hanyar jirgi: mai kauri kamar babban yatsa, naɗin ganye ba na takarda ba. Malam Jibril, akawun kantin gyaɗa, shi ya ba shi ita kyauta cikin gwangwani, da ɗamarar takarda ruwan zinariya a ƙugunta. Tambaya bai kunna ta a gida ba. Wa zai gani? Sai da kasuwa ta cika ya zauna bakin rumfa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, yana busa wa matsiyata hayaƙi. Kafin la'asar baki ya kama wuta.

Sahabi wanzami ya duba, ya ce ba sammu ba ne, ba kuma miyar gida ba ce. Tabar ce, kuma ba ta taɓa ganin ƙasar Turawa ba. 'Yan kasuwa suka yi dariya har da kwanciya. Ashe ana iya cutar Tambaya, wanda ya shekara ashirin yana alfaharin ba a haifi mai cutarsa ba.

Dariyar ta fi gyambon zafi. Nan take ya rantse sai ya nemo la'anannen da ya naɗa ta, ya sa shi ya shanye guntun tabar da ya rage a bainar jama'a, in ba haka ba a daina kiransa dillali. Ya juya guntun a hannu, ya ce gaskiya dai ɗan banzan gwani ne. Naɗi irin wannan ba kowane hannu ba.

Malam Jibril ya wanke kansa. Gwangwanin da ɗamarar nasa ne, ya tsince su a kwandon Bature, amma tabar surukinsa Ummaru falke na Tsafe ya kawo masa gaisuwa. Ya ga ta fi ƙarfin bakinsa, shi ya sa ya miƙa gaba.

Tambaya ya hau jaki, jaki na nishi, Sahabi na biye, har Tsafe. Ummaru ma ya ce bai ko shinshina ta ba. Wani makiyayi, Buba na Furfuri, ya ba shi tukuici bara. Shi Ummarun ya adana ta cikin tsumma wata takwas, yana jiran babban mutum. Tambaya ya yi tsaki ta cikin amawali. Mutum uku sun riƙe abu, ba wanda ya yi zuciyar kunna shi, sai shi bawan Allah.

Da ya ji sunan Furfuri ya so ya janye, don ya daɗe bai son bin ta wajen Bungudu, ga shi Furfuri can take. Ya ce ruwansu ba ya karɓarsa. Amma rantsuwa ta riga ta fita, ga Ummaru da Sahabi sun ce sai sun raka shi sun ga ƙarshe.

Suka sami Buba ranar kasuwar Bungudu, jingine da sanda. Aka kai magana gaban Sarkin Kasuwa, mutane suka taru. Buba ya dubi guntun ya gane shi. Ya ce biyar ya karɓa a bakin rago guda, aka ce masa daga akwatin Gwamna suka fito. Sauran huɗun ma ya rabar, kuma duk wanda ya kunna sai da ya yi mako bai ci tuwo ba.

Sarkin Kasuwa ya ce ya kwatanta mai sayarwar.

"Ranka ya daɗe, wani gajere ne, mummuna, wuya kamar na kunkuru," in ji Buba. "Ga tumbi ya riga shi shiga rumfa. Shina magana shina washe jajayen haƙora, wai shi kyakkyawa. Turare kuwa kamar ya faɗa cikin kwalba."

Jama'a suka fashe da dariya. Buba ya ji daɗi, ya ƙara da cewa ƙafafun ma gwame ne, ya tashi ya gwada tafiyar. Sahabi ya daina dariya, ya juya a hankali ya dubi abokin tafiyarsa daga rawani har takalmi.

Tambaya ya daure wa gajarta, ya daure wa wuya. Amma da Buba ya turo ciki gaba ya sake zagaye fili, sai ya miƙe, ya fizge amawali, ya buɗe kumburarren bakin nan da kyar.

"Ranka ya daɗe, a rubuta gaskiya. Ganyen gwanda ne, da ruwan tinya mai cin fata na liƙe shi, kuma ni na naɗa da hannuna. Amma wanga tumbi da yake gwadawa, wallahi ƙazafi ne."