Jar Fitilar da Baba Direba Ya Raina

Shekara huɗu Baba Direba yana tuƙa mota mai ciki biyu: ana jona ta a wuta, ana kuma zuba mata fetur. In caji ya ƙare, injin mai ya yi tari ya karɓa, tafiya ta ci gaba. Shi ya sa wayar cajin ta fi zama a but ɗin bayan mota, a naɗe, tana shan ƙura.

Ranar da babban ɗansa ya sauya masa ita da mai lantarki zalla, sai da ya durƙusa ya yi bayani.

"Baba, wannan fa ba irin waccan ba ce. Ba ta da tanki. Kullum sai an jona ta."

"Kai, tashi ka ba ni wuri! Tun kana goye nake riƙe da sitiyari. Har yau ba a ƙera motar da ba ta da rizab, ɗan man ko-ta-kwana, ba."

Kun dai san taurin kan tsohon direba. Kwana biyu jar fitilar gargaɗin caji tana ƙifta masa ido, ko a jikinsa. Matarsa ma ta yi magana.

"Malam, ka jona abin nan mana, ga soket a bango."

"Gobe," in ji shi.

Goben, da hantsi, tana shanya wanki ta dafe ƙirji ta zube. Ya cicciɓe ta zuwa kujerar baya, ya figi mota sai asibiti. Suna barin unguwa motar ta fara ja da ƙyar. A tsakiyar doguwar gada ta tsaya cik.

Ya taka totur har ƙasa, ya kasa kunne yana jiran tarin inji. Shiru.

Wani mai babur ya tsaya, ya tsiyayo fetur a gora daga tankinsa. Suka zagaya motar sau biyu, babu inda za a zuba.

"Malam," matarsa ta ce a hankali, "mun iso?"

"Saura kaɗan," ya ce, hawaye na zuba.

Kafin a samu motar da za ta ɗauke ta, rai ya yi halinsa. Ga ginin asibitin can, ana hangensa.

Jama'a, mai ciki biyu daban, mai lantarki zalla daban. Daɗewa a kan sitiyari ba ta maye gurbin sauraro. In an kawo maka sabon abu, ka saurari bayani ko daga bakin ɗan da ka haifa.