Dabino Na Bakwai

Soumana ya ɗora hannun Haroun a kan bulo, ya take wuyan hannun da ƙafa, sannan ya ɗaga guntun bututun ƙarfe. A bakin ƙofa maigidansa Mahmoud yana tsaye da bindiga a kafaɗa, yana jira.

Haroun makaɗin jita ne. Shi da Inoussa da Rahamatou, 'yan Nijar uku mazauna unguwar Tayuri a birnin Sabha, sun shiga wata gasar waƙa da aka shirya wa 'yan ci-rani ta waya, kowa da kansa. Alƙalai suka haɗa su ƙungiya ɗaya, suka ci, aka buga musu waƙarsu ta farko, "Dabino Na Bakwai". Cikin mako biyu ta hau ta ɗaya a jerin waƙoƙin Hausa da aka fi saurara, ta zauna daram. A Sabha ba inda ba a jin ta, har direbobin da ba su jin Hausa suna kaɗa mata kai.

Mahmoud ma ya kaɗa mata kai, har ranar da wani mai shayi ya fassara masa. Waƙar tana ba da labarin wani lebura mai suna Habou, wanda injin ban-ruwa ya ƙone a hannunsa a wata gona a Wadi Bawanis. Mai gonar ya harbe shi a ciki, ya bar shi a rana har ya cika, aka binne shi a gindin dabino na bakwai daga rijiya. Waƙar ba ta ambaci sunan mai gonar ba, amma Mahmoud ya san rijiyar.

Leburori ashirin ne a gonar tasa a shekarar, duk sun watse. Ɗaya daga cikinsu ya yi magana, kuma Mahmoud yana son sunansa. Sai ya kira Soumana, shugaban leburorinsa, mutumin da ya yi masa shekara goma sha ɗaya bai taɓa cewa a'a ba. Soumana ya san halin maigidansa. In Mahmoud ya ga sanyin hannu, kan Soumana bindigar za ta juya.

Bututun ya sauka. Yatsu biyu suka karye, ƙarar ta fita kamar ta busasshen kara. Haroun ya yi kururuwa, ya maimaita abin da ya faɗa tun farko: ba su suka rubuta ba, takarda ce aka turo ta ƙarƙashin ƙofa, babu suna. Soumana ya fassara wa Mahmoud da Larabci. Mahmoud ya ce a ƙara.

Inoussa ya yunƙura zai tashi, Soumana ya tare shi da gwiwa a baki, haƙori ya faɗo kan tabarma. Rahamatou, wadda muryarta ke jan waƙar, ta maƙale a lungu ta toshe kunnuwa. Soumana ya juya kanta, ya fizge hannuwanta, ya daka mata tsawa yadda maigida zai ji.

"Wa ya gaya muku an binne shi da takalmi ɗaya? Wa?"

Ta ɗaga kai ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Daga nan ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta sake cewa komai ba, ko da ya mare ta har leɓenta ya fashe.

Da suka fito, Soumana ya shawo kan Mahmoud cewa kashe su ba zai yi amfani ba. Mutane ne da duniya ta san muryarsu, gawarsu za ta fi waƙar ƙara. Mahmoud ya tofar da yawu, ya ce to gobe a je a tone ramin, a ƙone abin da ke ciki.

Ba su kai goben ba. Waƙar ta riga ta isa Tawa a Nijar, inda mahaifiyar Habou ta ji sunan ɗanta a rediyon maƙwabta. 'Yan garinsu da ke Sabha suka taru, suka je da hukuma, suka ƙirga dabino daga rijiya. Da la'asar aka fito da ƙasusuwa cikin buhun taki. Mahmoud ya buɗe wuta daga kan soro, ya sami mutum ɗaya a cinya, aka mayar masa da harsashi uku a ƙirji. Soumana yana kwance ruf-da-ciki a cikin kwata har ƙura ta lafa.

Bayan wata guda yana zaune a matsayar leburori a unguwar Jadid, ba wanda ke zama kusa da shi. Waƙar tana tashi daga wani shago, mako na bakwai ke nan tana ta ɗaya. Haroun kuwa an ce ba zai ƙara riƙe jita ba.

Inuwa ta tsaya a kansa. Rahamatou ce, da tabo a leɓe. Ya sunkuyar da kai yana jiran yawu ko dutse, ya ga ya cancanci kowanne. Ita kuwa ta durƙusa, ta yi magana a hankali yadda ba wanda zai ji.

"Baitin takalmin nan, malam, ba mu taɓa rera shi ba, ya yi wa kiɗan tsawo muka cire. Mu uku kaɗai muka karanta shi a takardar, sai wanda ya rubuta ta."