Sunan Kawu

Tun da aka kawo na'urar da koci ke ɗaurawa a kai, sai wanda bai kai shekara ashirin da biyar ba ake ba wa aikin, domin kan manya ba ya ɗaukar ta. Haka Nafi'u ya zama kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafar garinsu yana ɗan ashirin da biyu.

Na'urar ba ta kai magana kunnen ɗan wasa sai an kira shi da sunan yanka. Mai tsaron gidan kuwa ƙanin mahaifiyarsa ne, wanda ya goya shi a baya, kuma Nafi'u bai taɓa faɗin sunansa ba.

Kafin wasa ya durƙusa gabansa. "Kawu, yau fa zan kira sunanka."

"Kira mana, ɗana. In aka ci mu saboda kunyarka, ba zan yafe maka ba."

A bakin fili tsohon kocin, ɗan ashirin da shida, yana zaune da auduga a kunnuwa, yana gyaɗa wa kowa kai ba ya jin komai.

Ana dab da tashi aka ba abokan hamayya fenariti. Na'urar ta nuna wa Nafi'u inda ƙwallo za ta bi. Ya ɗaga murya.

"Iliyasu! Hagu!"

Kawu ya faɗa hagu ya cafke. Nafi'u ya goge jinin da ke gangarowa daga kunnensa, ya gyara zaman na'urar. Saura masa shekara uku, kuma kofi yake so.