Jagoran Hanyar Yoko

Ƙarya mai tsiren nan yake yi, shekara talatin kuma yana yin ta a bakin tukubarsa a unguwar Briqueterie: wai da ƙafa ya sauko daga garin Yoko ta tsohuwar hanyar shanu. A bayan babbar mota aka kawo shi, yana barci.

Da aka zabge albashi kasuwa ta mutu, mahauta huɗu suka yanke shawarar bin hanyar su koro shanu da kansu. Suka zo masa da takarda da biro.

"Baba, tafiyar kwana nawa ce?"

"Tara," ya ce, yana juya nama.

"Ruwa fa, bayan an haye kogin Sanaga?"

"Akwai rafi a gindin wani ƙaton rimi."

Yana faɗa suna rubutawa, har shi ma ya fara marmarin ganin rafin nan.

Babbansu ya ninke takardar. "Wannan ba za ta isa ba, Baba. Mun roƙi matarka Hajiya, ta ce a tafi da kai."

Ranar Asabar suka sa shi gaba. Kwana goma sha bakwai ya yi yana takawa da ciwon gwiwa, mutum huɗu a bayansa suna tambayarsa ta ina.