Gishirin da Ya Yi Tsami

Takardar gwajin tsami ta rine ja a hannuna, alamar ruwan gishirin da aka ba mu yana da tsami, alhali na riga na rubuta bakwai a jarrabawar da na ɗora wa burina na karatun likita.

Abin da Ustaz, malaminmu na kimiyya, ya koya mana a aji ke nan: ruwan gishiri ba ya tsami, awonsa bakwai. Sauran bayanin ya ɓoye wa masu biyan darasi a gidansa, duk garinmu na Tanta an sani. Ni da aminiyata mun rantse ba za mu taka ƙofarsa ba.

Na saci kallon takardarta. Ta cika shafi da lissafi, ta rubuta biyar, awon ruwa mai tsami.

"Ke, a ina kika koyi wannan?" na raɗa mata.

"Don Allah rufa mini asiri, ana kallonmu."

Ustaz ya tsaya a kanta yana murmushi. "Madalla, 'yata. Yadda muka yi ranar Talata."

Duk Talata jinyar kakarta take zuwa, in ji ta. Ni kuwa ina gidansu riƙe da ƙannenta, ina dafa musu wake, ina roƙa wa tsohuwa lafiya.